Goma Bisa Goma Da Na Ba Falmata

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba cikin damina a Gashua ba, ranar da aka haska rubutuna a bango, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

A lokacin ina aiki da wani ɗan ƙaramin kamfanin matasa da ke haɗa wa manoman shinkafa manhaja mai ƙirƙirarriyar basira. Manomi zai yi tambaya, manhajar ta amsa. Amma ita ba ta san komai da kanta ba, sai ta aiki wata 'yar na'ura ta ɗebo mata shafi daga intanet. Guga muke ce wa wannan 'yar na'urar. Guga kuma yana da takardar bayani, wadda manhajar ke karantawa don ta san yaushe za ta zura shi, da abin da za ta yi da duk abin da ya ɗebo. Aikina shi ne in duba takardar, in ba ta maki, in faɗi inda ta gaza.

Falmata ce ta rubuta ta. To, daga nan matsalar ta faro.

Aikin nan ina iya yin sa daga ɗakina a Nguru, amma duk mako sai na hau mota zuwa Gashua, wai netwok ɗin can ya fi ƙarfi (ƙarya ne, duk jirgi ɗaya ya kwaso su). Ina son yarinyar nan, so irin wanda ke sa mutum ya goge riga sau biyu. Ban taɓa faɗa mata ba. Iyakar jarumtata ita ce in kawo busasshen kifi in ce na kowa da kowa ne, sannan in ajiye a kan teburinta.

Da ta miƙo mini takardar sai ta ce, "Malam, don Allah ka duba min da kyau. Kar ka ji kunyata."

Na karanta sau huɗu, wallahi, amma kamar mai karanta wasiƙa. Muryarta kawai nake ji. Fom ɗin tantancewa yana da tambayoyi, kuma ta ƙarshe ita ce: me takardar ta ce a yi idan Guga ya dawo fanko? Na ga ba ta ce komai ba. Na gani da idona. Amma ta ina zan fara gaya wa Falmata aikinta da saura? A gidanmu ko miya ta yi gishiri, an gode ake cewa. Sai na danna goma bisa goma daga sama har ƙasa, a gurbin sharhi kuma na rubuta "Masha Allah".

Ranar gwaji aka gayyato shugabannin manoma. Tun safe ake sheƙa ruwa, kogi ya cika har ya fara leƙa gonaki. Wani dattijo, Baba Kachalla, ya gyara zama ya ce, "To ɗana, tambayar mana ita, ruwan nan zai ci shinkafarmu ko za mu tsira?"

Injiniya, wato ogammu, ya rubuta tambayar. Daidai lokacin netwok ya ɗauke. Guga ya tafi ya dawo ba ko ɗigo. Manhajar kuwa, tunda ba wanda ya koya mata ta ce ban samo ba, sai ta ƙirƙiro amsa. Da murya mai daɗi ta sanar cewa ana fama da fari a Gashua, a hanzarta yin ban ruwa.

Baba Kachalla ya dubi taga, ya dubi takalminsa da ke ɗiga. "Wannan 'yar wane gari ce?" in ji shi. Ɗakin ya kece da dariya.

Injiniya bai yi dariya ba. Ya ce ai an tantance takardar, bari a gani. Ya buɗe fom ɗina a majigi. Ga tambayar ƙarshe, ga goma, ga "Masha Allah" ɗina ɓaro-ɓaro, kowane harafi ya kai girman tafin hannu. Wani daga baya ya karanta da ƙarfi, sauran suka amsa da "Tabarakallah!" (Har yau akwai masu kirana Malam Masha Allah a tashar Gashua.)

Dariyar ba ita ta dame ni ba. Bayan an watse Falmata ta same ni a baranda, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, jikina ya ba ni akwai abin da na bari. Shi ya sa na roƙi Injiniya a ba ka, ba wani ba. Na zaci kai ne za ka gaya min gaskiya."

Na buɗe baki, sai ga ni kamar Guga, ba abin da na ɗebo.

Kafin kaka ta samu aiki a Kano ta tafi. Ni kuwa na zauna na sake tantance tsohuwar takardar, wadda ba mai buƙata kuma. Shafi uku na cika, na fito da kowane giɓi, har misalin da ya kamata ta bayar. A ƙasa na ƙara layi ɗaya da bai shafi Guga ba, na faɗi abin da kifin nan ya kasa faɗa. Na tura mata.

Yanzu duk takardar da ta shigo hannuna daga tambayar ƙarshe nake farawa, kuma na koyi cewa wanda kake so shi ya fi cancantar jan biro. Sai dai na koya a makare. Ina kewarta, ba zan ɓoye ba. In mota ta shiga Gashua har yau sai na waiwayi layin ofishin nan.

Bayan kwana tara amsarta ta iso. Na buɗe. Kalma biyu ce kacal.

"Masha Allah."