Yadda Za Ka Kare Kumbonka a Gaban Surukinka

Kai da ke aiki a ofishin sa ido kan kumbon da aka harba can ƙuryar sararin samaniya, matso kusa. Kumbon yana ƙara gudu fiye da yadda lissafi ya ce, shekara da shekaru kana awo ba ka gano dalili ba. Surukinka kuma ya gaji, ya ce ko ka kawo sakamako ko ka ajiye aikin ka riƙe masa shagon tayil. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin ba za ka taɓa ɗaga kwalin tayil ba.

1. Fara da nisa

Da ka gama gaisuwa a falo ka ce, "Baba, kumbon nan ya wuce duk duniyoyin da ke kewaya rana." Ka nuna silin da yatsa. Dattijo in ya ɗaga kai sama, ciwon wuya kan mantar da shi tambayarsa.

2. Ɓoye girman abin

Zai ce, "To, gudun nawa ya ƙaru?" Kul ka faɗa, don ƙarin bai kai saurin tsirowar farcenka ba. Ce masa abin ya tayar da hankalin masana. Masanan ku uku ne, ɗaya ma ya yi ritaya, amma ba ruwan Baba da wannan.

3. Ɗora wa na'ura laifi

Kuskuren na'urarku kusan daidai yake da abin da kuke aunawa. Rana ta gasa farantin kama sigina, lamba ta hau. Iska ta kaɗa, ta sauko. Ka ce ana jiran sabuwar na'ura. In ya ce, "Wato ba ku ma tabbatar ƙarin yana nan ba?" sai ka ƙware da tari ka nemi ruwa.

4. Yawaita dalilai

Wataƙila zafin batirin kumbon ke tura shi, wataƙila wani bututu ke yoyo, wataƙila kuma duk lissafin masanan duniya ne ke son gyara. Ka nanata na ƙarshen, ya fi kwarjini. Kada ka kalli matarka a lokacin. Tun tana goyon fari take jin wannan jawabi.

5. Tambayar Mama

Ita ce mai haɗari. Surukarka za ta ce, "Allah sarki, to yaushe zai dawo?" Ba zai dawo ba. Batirinsa na mutuwa, siginarsa na dushewa, ranar da ya yi shiru awo ya ƙare, da amsa ko babu. Wannan abu na cin rai, na sani, amma haɗiye shi. Ka ce, "Mama, a sa shi a addu'a."

Jan kunne

Duk abin da ya biyo baya tsakaninka da surukanka, babu hannuna ciki. Namu kumbon ya yi shiru bara, ba sallama. Mai ƙorafi ya same ni a shagon tayil na nawa surukin, bayan kantar ciniki. A nan dai kome na auna, daidai yake fitowa.