Yadda Za Ka Ajiye Aiki Ka Tafi Teku Ta Gulbin Maraɗi

Ɗan'uwa, in alli da allo sun ishe ka, ko zaman buro, wato ofis, ya fita ranka, kuma zuciya na raya maka teku, samu wuri ka zauna. Ni ne Abdulmumini, tsohon mushen lakol, wato malamin makarantar boko, na Tudun Kalgo, can bakin gulbi tsakanin Gidan Sori da Gidan Rumji. Na yi tafiyar nan da kaina, na kuma dawo da raina. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, aiki zai rabu da kai har abada. Wannan kam babu tantama. Sauran kuma sai abin da ka gani.

1. Ka yarda da taswira fiye da idonka

Shekara goma sha ɗaya ina nuna wa yara teku da sanda a jikin bango, alhali ban taɓa ganin ruwan da ya shanye jaki ba. Rannan, shekarar da ta biyo bayan Taron Ƙasa da ya buɗe ƙofar siyasar jam'iyyu, ana yajin aiki, aji ba kowa, albashi ya yi wata uku bai leƙo ba, sai na ɗora yatsa a kan shuɗin layin nan. Gulbinmu ya faɗa Rima, Rima ta bi ta Sakkwato ta faɗa Kwara, Kwara ta faɗa teku. Kai! Ashe teku a bayan gidana ta fara!

Kada ka tsaya tuna cewa wata tara a shekara yashi ne zalla a gulbin, har mata na tona shi da ƙwarya suna neman ruwa. Wanda ya zana taswira ya fi ka karatu, kuma shuɗi ya sa.

2. Ka ajiye aiki da Faransanci mai nauyi

Lokacin kowa ka taɓa sai ya ce 'yanci ya zo. Wasu na kafa jam'iyya, wasu na kafa jarida, ni kuma na rubuta takardar barin aiki mai shafi biyu. Insifekta ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni da tausayi.

"Mushe, je ka gida ka sha fura. Ka dawo Litinin, sai mu ce ban ga takardar nan ba."

In aka yi maka irin wannan alheri, ka ƙi. Ni cewa na yi a buga hatimi a gabana, aka kuwa buga.

3. Kuɗin tafiya: fara da 'yan siyasa

Ka je wa jam'iyyu uku, kowacce ka rantse mata tutarta kaɗai za ka ɗaga har bakin duniya. Ta farko ta ba ni yadi shida mai alamarta da hula. Ta biyu yadi goma da goro. Ta uku yadi huɗu, da alkawarin injin jirgin ruwa in an ci zaɓe. Kuɗi dai ko dala ban gani ba.

Kada ka yi fushi. Jirgin da iska ke turawa yana bukatar babban ƙyalle. Kai wa tela ya haɗe su wuri guda. Mutanen da ba sa gaisawa a kasuwa, ga su nan kafaɗa da kafaɗa a keken ɗinki.

4. Sannan ka juyo cikin gida

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ba na son faɗa.

Matata Suwaiba man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli. Duk watannin da albashi ya ɓata, ita ta rufa mana asiri. Tana da sa guda, baƙi mai farin goshi, ta raine shi tun yana maraƙi, shi ke jan amalanken da ke kai mata gyaɗa da mai kasuwa. Goshi take ce masa, kuma yana amsawa.

Na zaunar da ita na ce, "In na dawo, shanu huɗu zan ɗaure miki."

Ta ce, "Malam, tekun shanu take haifa?"

Kwana uku aka yi a haka. A na huɗu tana suya, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "In na hana ka, har ka mutu kana cewa ni na tare maka hanya. Je ka kwance shi."

Jaye Bafulatani ya saye shi. Ranar da ya zo ja, Suwaiba ba ta fito ba, na dai ji dakan da take yi ya tsaya cak. Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina. Amma na gaya wa kaina mutumin teku ba ya waiwaye, kai ma haka za ka gaya wa kanka.

5. Nemi gwanin jirgi

Namu gwanin Magaji kafinta ne, mai yin ƙofofi da amalanke. Na nuna masa hoto a littafin yara, ya juya shi sama da ƙasa.

"Mushe, wanga ai amalanke ne da ba taya."

Ya ƙera mini shi mai kusurwa huɗu, ya tsayar da sanda a tsakiya, ya shafe ƙasan da kwalta. Da ya gama ya tambaye ni ta wane gefe za a ɗaura sa.

6. Ka yi bankwana yadda ya kamata

Kada ka sulale kamar ɓarawon kaza. Bi gida gida ka nemi gafara. Haka na yi, kowa kuma ya yafe mini, ya kawo guzuri: mai kilishi, mai dabino, mai garin gero. Wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta danƙa mini dala biyar tana hawaye.

Ranar da gulbi ya kawo, cikin watan takwas, gari duka ya yi mini rakiya. Liman ya yi addu'a, aka shafa. To, ka riƙe wannan da kyau, don ni ban riƙe ba: wanda ya nemi gafarar gari, ya karɓi guzurinsu, aka raka shi har bakin ruwa, ba ya dawowa da la'asar ya ce ya fasa. Ko mutane sun bar shi, fuskarsa ba za ta bar shi ba.

7. Tafiya

Ruwa ya ɗauke ni. Ba zan yi maka ƙarya ba, daga hantsi zuwa azahar ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Iska ta cika ƙyallen jam'iyyu uku, itatuwa na wucewa, ni kaɗai ina dariya ina kuka.

Sai jirgi ya juya sau biyu, ya hau tudun yashi a wata lanƙwasa, ya zauna daram. Na tura, na ja, na roƙe shi. Washegari ruwa ya janye, yadda yake yi kowace shekara, yadda na sani tun ina yawo ba wando. Da na ɗaga kai, ashe zagaye gulbi ya yi ta yi da ni, a gindin gonar Magaji nake. Ina jin kiran sallar masallacinmu, ina hango hayaƙin suyar Suwaiba.

8. Ka zauna cikin jirgi ka riƙe girmanka

Kwana tara na yi. Da dariya suka yi mini da na samu sauƙi, amma mutanen Tudun Kalgo ba su da wannan rashin kunyar. Duk mai wucewa gona sai ya tsaya.

"Mushe, ya hanya?"

"Lafiya lau."

"Ya baƙunta? Mutanen can suna da kirki?"

"Alhamdu lillahi."

"To, Allah ya kai ka lafiya."

Magaji na noma taku goma daga inda nake, ya ce in na isa Ikko in gaishe masa da ƙanensa. Kullum da rana Suwaiba ke kawo mini tuwo, wani lokaci da buhun gyaɗa a kanta, tunda amalanke ba mai ja. Ta ajiye kwano ta wuce, ni kuma in ci ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

9. Tsaraba

Ran na tara ta zo da wani buhu ta dire a gabana. Busasshen kifi ne fal. A wurin Hamma mai kifi ta saya ranar kasuwa, da cinikin manta na mako guda.

Ta ce, "Matafiyi ba ya shiga gari hannu rabbana. Tashi mu je, Malam. Na gaji da kai tuwo teku."

Ta sa muka zagaya ta hanyar mota, don in shigo ta yamma kamar mai dawowa. Na bi gida gida na raba. Kowa ya karɓa da hannu biyu, ana barka da sauka, ana ina gajiya. Tsohuwar nan ta ce na rame, teku ba wasa ba. Hamma da kansa ya karɓi nasa kason, ya shinshina, ko murmushi bai yi ba ya ce, "Irin wanga kifi ba ya samuwa a ƙasarmu."

10. Abin da za ka yi da jirgin

Jaye ya roƙe ni shi, ya ja shi bakin rijiya. Ko ɗigo ba ya yoyo, Magaji ya iya aiki. Yanzu a ciki shanunsa ke shan ruwa, har da Goshi. Duk ranar kasuwa ta nan muke bi, Suwaiba a gaba da galan ɗin mai, ni a baya da buhun gyaɗa a kai, yaran da na koya wa teku suna rusunawa suna "ina kwana, Mushe". In Goshi ya hango ta sai ya bar ruwa ya taho. Ta kwance ƙullin dusa ta ba shi, ta sosa masa goshi, mu wuce. Har yau ba ta taɓa ce mini uffan a kansa ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ƙwadago nake yi a gonakin mutane, ina tara kuɗin saya mata maraƙi.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa aiki, ko ya rasa sa, ko ya wayi gari a kan yashi, kada ya zo ƙofata. Babu hannuna, babu kuma lokaci, gyaɗa nake ɗauka. Kafin ka taɓa mataki na ɗaya, leƙa cikin gidanka. In babu wadda za ta saya maka kifin dawowa da guminta, ka koma wurin insifekta ranar Litinin.