Anti Badi ta Dakta Abdulmumini

Allah Ya yi wa Tudun Wada baiwa da Dakta Abdulmumini, kuma shi ne farkon mai faɗa. Shekara ashirin ya yi yana masinja a asibitin garin, ilimi ya yi ta shigarsa ta ƙofa da taga, har ya yi ritaya da farar riga da biro uku a aljihu. Bakinsa bai taɓa furta "ban sani ba". To, me ma ya rage a sani?

Yayarsa Tasalla ta daɗe tana fama da fuka mai tsanani. Da kaka ta yi, aka fara sussukar masara, sai numfashinta ya koma shaƙe-shaƙe, abin shaƙa ma ya gaza. Ɗanta ya kai ta babban asibiti a Kano, aka ɗora ta a kan wata sabuwar allura, sau ɗaya a wata. Kafin wata huɗu ga Tasalla tana shara tana waƙa.

"Yaya, wace allura ce haka?" in ji Dakta.

"Oho. Ta Anti Badi suka ce."

"Anti Badi!" Ya bugi ƙirji. "Ai yarinyata ce! Ni na koya mata riƙon sirinji."

Ran kasuwa labari ya cika rumfuna. Dakta ya bayyana yadda Anti Badi ke durƙusawa in za ta gaishe shi, da yadda ya ɗaga waya ya ce, "Ki kula min da Yaya." Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ukasha mai injin niƙa ya ji, ya kuma gaskata, bawan Allah. Ƙurar gari ta gama da ƙirjinsa, sau uku a bana ana kwasarsa ranga-ranga, har ya fara tunanin rufe injin da yake ci da iyali. Ya zo ya tsuguna.

"Dakta, ka taimake ni, ka haɗa ni da ita."

"Wannan ai ƙaramin alhaki ne. Shirya."

Suka dira babban asibitin Kano da hantsi. Dakta ya gyara biro, ya tunkari wata nas.

"Je ki gaya wa Anti Badi, Abdulmumini na Tudun Wada ya iso."

"Wa, Baba?"

"Ke baƙuwa ce, ko? Mai allurar fuka!"

Nas ta ciji leɓe, ta danne dariya. Ta buɗe firji, ta ɗauko 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba.

"Ga ta, Baba. Antibodi, sunan maganin ke nan. Shi yake kama abin da ke kumbura hanyar numfashi ya hana shi aiki. Ba kowace fuka yake yi wa ba, kuma ba da sanayya ake bayarwa ba, sai jini ya nuna."

Aka ɗebi jinin Ukasha. Bayan azahar likita ya duba ya ce irin tasa fukar ce ke jin allurar, a rubuta sunansa. Ukasha ya share ƙwalla, murna kamar ta kashe shi. Dakta kuwa yana gefe, ya duƙufa karatun wata takarda a bango.

Da za su fita, Ukasha ya sake leƙa kwalbar, ya ja numfashi da ƙyar.

"Allah sarki, Dakta," ya ce. "Yarinyar taka ta rame."