Rasuwar Mbah, Wanda Aka Raba da Matarsa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, fushi kuma ya ƙarasa, ni Lastri, mai riƙe da makullin ginin ƙungiyoyin ɗalibai, nake sanar da rasuwar Mbah, bidiyon kaset na ƙungiyar masu kallon katun na Japan, wanda ya cika ranar Asabar bayan la'asar a ɗaki na bakwai, yana da shekara talatin a tsakaninmu.

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji huɗu na firamare na tsaya, kuma allon da zan liƙa shi na masu digiri ne. Sau biyu ina yaga takardar. Amma na ji ana cewa tsufa ne ya kashe shi, wasu kuma na cewa ruwan da nake goge ƙasa da shi ne, to bari a san gaskiya.

Marigayin haifaffen Japan ne. Mas Hendarto, ɗaya daga cikin ɗalibai biyar da suka kafa ƙungiyar, shi ya karɓo shi daga wansa mai aikin jirgin ruwa. A lokacin ba a yarda ɗalibi ya ajiye kayan wuta a ginin ba, sai aka rubuta shi da sunan mahaifina, Pak Sarwono, mai gadin wurin. Da Mas Hendarto ya gama karatu ya ce ya bar masa shi duniya da lahira. Da mahaifina ya rasu na gaji makulli, na gaji Mbah. Nawa ne, aro na ba ku. Ɗaliban baya ne suka sa masa wannan suna, Kaka ke nan, kuma sun san abin da ya sa.

A shekarunsa na farko kaset ɗin ba su da fassara. Mahaifina ya ce wata ɗalibar sashen Japananci ce take tsayawa gefen talabijin tana fassarawa da baki, in ta gaji ta ƙirƙiro nata, har an yi wata shida ana zaton wani jarumi ɗan'uwan yarinyar fim ɗin ne alhali saurayinta ne. Daga baya suka koyi sa rubutu a ƙasan hoto da yarenmu. Sau biyu ana korar ƙungiyar daga ɗakinta, sau ɗaya membobinta suka koma mutum uku. Faifai ya zo ya wuce, waya ta zo, amma Asabar ɗin farkon kowane wata sai an ja labule, an kawo shayi da soyayyar ayaba, an saurari Mbah yana haɗiye kaset: ƙarrr, ƙas. In an gama ya mayar da shi baya, wiiiii, kamar mai ajiyar zuciya.

Mai haƙuri ne, bai taɓa cin kaset ɗin kowa ba sai wanda aka tura masa a karkace. Shi ne kuma malamina. Da aka cire ni daga makaranta don jinyar mahaifiyata, a gabansa na ƙarasa koyon karatu, domin rubutun ƙasan hoto ba ya jiran kowa. In ba ka karanta da sauri ba ya tafi.

Lalura ɗaya gare shi tun haihuwa. Wutar ƙasarsu ɗari ce, tamu ɗari biyu da ashirin. Saboda haka ba ya taɓa bango sai ta hannun matarsa, wata ƙaramar transifoma baƙa mai nauyin dutsen niƙa, da suka zo tare a kwali ɗaya. Shekara talatin ba a raba su ba. A bayansa akwai takarda da mahaifina ya liƙa da rubutun hannunsa. Duk wanda ya taɓa juya Mbah ya gan ta.

Ga yadda ciwon ajalin ya kasance. Ranar Asabar aka yi bikin cikar ƙungiya shekara talatin. Mas Bagas, shugaban bana, wanda bai taɓa zama an kalli kaset da shi har ƙarshe ba, ya ce a fito da tsohon don a yi hoto da shi. Na jera komai da hannuna, na jona shi ta hannun matarsa, na sa masa kaset. Sai ya aike ni in karɓo shayi a kanti. Ɗaki ya cika, zafi ya yi yawa, ƙofa tana ta rufe kanta, aka nemi abu mai nauyi. Ina hawowa bene da tire na ji shi. Bai yi ƙarrr ba. Tas kawai ya ce, sai wari.

Ranar Litinin aka yi zama a ofishin Bu Retno, shugabar ginin. Mas Bagas, ɗalibin injiniyan lantarki a shekara ta uku, ya bayyana cewa na yi gugar ƙasa kusa da soket da safe, danshi ya shiga. Ya juyo yana murmushi ya ce, “Ba laifinki ba ne, Mbak Lastri, waɗannan abubuwa sai wanda ya karanta.” Mutum tara ne a ɗakin da suka ga abin da ya faru, duk suka sunkuya kan wayoyinsu. Mbak Kinanthi, magatakardarsu, wadda nake ajiye wa lema duk damina, ita ma ta sunkuya kan littafinta. Ni kuwa muryata takan gudu in mutane suka wuce uku. Bu Retno ta ce in ajiye makullin a teburinta har a bincika. Makullin mahaifina ne. Na ajiye.

Marigayin ya bar mata ɗaya; talabijin mai ƙaton ƙeya da ba ta da sauran wanda za ta yi wa magana; kaset ɗari biyu da goma sha ɗaya, marayu, ɗaya yana maƙale a cikinsa har yanzu; da tsofaffin ɗalibai da dama da suka zo daga nesa suka koma ba su kalli komai ba. Ya kuma bar ni.

Za a yi masa sutura ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa zai buɗe shi ya ciro kaset ɗin, sannan in naɗe shi a zanen mahaifina in kai shi gida. Ba za a sayar da shi a kilo ba, ba kuma za a sa shi a gilashi da fitila a ƙarƙashi yadda wani ya ba da shawara ba. Ana karɓar gaisuwa a ɗaki na bakwai. Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar jawabi. Wanda ya san yana da abin faɗi, kalma ɗaya ce, ya san ta.

Masu neman matar don yi mata ta'aziyya kada su duba bakin ƙofa, ba ta nan. Washegarin zaman nan da safe na ɗauke ta a inda aka bar ta tana tokare ƙofa, na rungumo Mbah a ɗaya hannun, na hau da su ofis. Na dire su a teburin Bu Retno, na juya mata bayansa. Na karanta mata takardar mahaifina da ƙarfi, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba: “Kada a jona shi sai da matarsa.” Sannan na nuna mata hoton bikin da Mas Bagas ya watsa da kansa. Yana tsakiya ya ɗaga yatsu biyu, ga wayar wutar Mbah jone a bango, ga matar a gindin ƙofa, dab da takalminsa.

Bu Retno ta dubi hoton, ta dubi takardar. Ta ce, “Wa ya koya miki karatu haka?”

Na ce, “Marigayin.”

Ta turo mini makullin. Na sauka na koma ɗaki na bakwai, na yi guga har gindin soket.