Injiniya Kilik-Kilik Ya Goge Bello Shida

Allah ya ja zamanin Lamine ɗan Korgom, fitilar jahar Maradi! Wata takwas cur ya yi yana karatun anformatik, wato ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa, a birni, ya dawo da jakar na'urarsa ordinater a kafaɗa da tabarau marar magani. Mu da lakwal, makarantar boko, ta koro tun da wuri muka sa masa Injiniya Kilik-Kilik. In ka gaishe shi, da yatsa guda yake amsawa.

Da ƙungiyar manoma ta samu irin gero mai saurin nuna, aka ce a kai sunayen masu karɓa garin Tasawa kafin ruwan shuka. Tsohon sakatare, Bube, ya fito da littafinsa. Lamine ya ɗaga shi da yatsu biyu kamar mushen ɓera.

"Baba Bube, wannan ai tatsuniya ce! Bello Mai Jaki? Bello Dogo? Ordinater ba ta san jaki ba. Nom, prénom, sunanka da na ubanka, shi ke nan."

Ya zamna gindin gawo ya share laƙabin kowa. Sai na'ura ta nuna masa Bello Ishaƙu har bakwai. Ya yi murmushi irin na manyan masana.

"Doublon! Mutum guda an rubuta sau bakwai. Da ban zo ba, haka za ku mutu cikin duhu."

Bube ya buɗe baki, Injiniya ya ɗaga masa hannu. Kilik ɗaya, Bello shida suka ɓace ba jana'iza. Karambanin akuya, gai da kura.

Ranar rabo buhuna suka iso bisa amalanke, daidai yawan sunayen takarda. Hadari ya haɗu gabas. Lamine ya gyara murya ya kira Bello Ishaƙu. Mutum bakwai suka miƙe, buhu ɗaya na kallonsu. Na biyar a layi mahaifinsa ne.

Lamine ya sake ɗaga takardar sunaye. Ya duba lambar wayar da ta rage a takarda, ta wani Bello ce na bayan makabarta. Wannan Bellon ya saɓa buhun ya wuce.

Malam Bello ya juyo wurin ɗansa.

"Lamine, na'urarka ta ce babu ni ko?"

"Baba, matsala ce ta technique..."

"To madalla. Bana sai ka bi wancan gida ka ci tuwo, shi ne ubanka na ordinater."