Yadda Za Ka Hana Mamaci Fita Daga Rajistar Coci

Idan kai ne ke riƙe da kwamfutar cocinku, kuma kana so yawan membobinku ya riƙa hawa ba sauka, to gyara zama. Ni ne Ajagbe Olaniyan, wanda ake kira Baba Akawu. Shekara tara na yi ina sakataren wata coci a bayan kasuwar kashu a Ogbomoso, tun ranar da aka kawo mana manhajar rajista. A cikin shekarun nan mun binne mutum sittin da uku, ko ɗaya bai bar rajista ba. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci babu wanda zai sake mutuwa a cocinku. A ƙasa za a binne shi, amma a kwamfuta yana nan da ƙoshin lafiyarsa.

Mataki na ɗaya: Samo dalili daga sama

Kada ka yi wannan aiki da ra'ayin kanka. Jira babba ya faɗa maka, amma ba a rubuce ba.

A babban taron shekara na yankinmu, cocin da ta kai mutum ɗari biyar ita ke zama a layin gaba, kuma fastonta ke yin addu'ar buɗewa. Mu a kwamfuta ɗari biyar da goma sha ɗaya ne. Ran Lahadi kuwa, in ka ƙirga har da jarirai da mai gadi, da ƙyar mu cika rabin kujerun cocin. Da na taɓa tambayar Fasto Oyewumi ko in cire waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce waɗanda suka yi barci cikin Ubangiji ai ba matattu ba ne, ko ina so in fi Littafi sani? Na ce a'a, Baba.

Ka riƙe wannan: lissafin da ya sa babba murmushi, ba a sake duba shi.

Mataki na biyu: In an yi rasuwa, yi komai ban da abu ɗaya

A watan Maris Baba Akanmu Oyerinde ya faɗi a gonarsa ta mangwaro, bai tashi ba. Kafinta ne. Shekara talatin da takwas duk bencin da ya karye a cocinmu shi ke gyarawa, bai taɓa yarda a ambaci sunansa a sanarwa ba.

Ga inda za ka nuna ƙwazo. Ni na zaɓo atamfar anko, ni na kai hotonsa wurin masu buga takarda, ni na raba faɗan mata masu tuƙa amala. Har kuka na yi a bakin kabari, kuma na gaske ne. Amma a shafinsa na manhaja akwai wani ɗan akwati da aka rubuta "ya rasu". Dannawa ɗaya ce. Kada ka danna. In wani ya tambaya, ce an ɗauke wuta. In akwai wuta, ce babu sabis. In akwai duka biyu, ce ranka bai daɗe da ɓaci ba tukuna, a bar ka ka yi juyayi.

Mataki na uku: Manta cewa manhaja tana da bakinta

Bara aka sabunta tamu, ta koyi tura saƙon waya da kanta: na ranar haihuwa, na ta'aziyya, na maraba da baƙo, har da na wanda ya daina zuwa sujada. Fasto ya ji daɗi ƙwarai. Tsofaffin mamatanmu layukansu sun bi su, don haka babu wanda ya koka.

Wayar Baba Akanmu kuwa tana hannun matarsa, Mama Segi, mai shekara sittin da bakwai. Kullum sai ta sa mata caji. Lahadi ta uku bayan jana'iza, wayar ta yi ƙara. 'Yarta Segi ta karanta mata: "Ɗan'uwa Akanmu, mako uku ba mu gan ka ba. Kada ka bar Iblis ya rinjaye ka. Dawo gidan Ubanka."

Segi ta zo ofis ido jajur. Na ba ta haƙuri, na ce yanzu-yanzu zan gyara, har na buɗe kwamfutar a gabanta. Tana fita na rufe. A nan ake gane gwani: alkawari a gaban mutum, mantuwa a bayansa.

A watan Yuni saƙo na biyu ya shiga. Coci na taya shi murnar cika shekara saba'in da ɗaya, tana yi masa fatan tsawon rai da lafiya.

Mataki na huɗu: In asiri ya fara tonuwa, yi sauri, kada ka duba

Wannan karon Mama Segi da kanta ta zo, cikin baƙaƙen kaya, wayar ƙulle a bakin zane. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye wayar a kan teburina ta ce, "Baba Akawu, ku ne kuka sa shi a rami. In kun san inda yake da rai, ku nuna mini in je."

Na ruga wurin Fasto. Ya yi ɗan lissafi a kan yatsunsa, ya ce ɗari biyar da goma ma ba laifi, in cire wannan kaɗai. Na dawo a guje, na rubuta sunan, na danna akwatin.

Akanmu Oyerinde biyu ne a cocinmu. Na biyun ɗan wan marigayin ne, mai sayen kashu, ɗan shekara hamsin, ƙato, yana cin amala malmala huɗu a zama ɗaya. Shi na kashe. Kafin in ɗaga kai manhaja ta aika wa kowa da kowa sanarwar rasuwarsa, tare da ayar ƙarfafa zuciya.

Ranar yana hanyar Ilorin, wayarsa ba ta shiga. Matarsa ta sume a kasuwa a kan tiren barkono. Da la'asar ya sauko daga mota ya tarar an kafa rumfa a ƙofar gidansa, matan zumunta na waƙa, wansa kuma ya riga ya karɓi makullin sito, wai don kada kaya su lalace. Mata biyu suka haura katanga da suka gan shi. Bai ko sha ruwa ba ya zo ofishina, ya tsaya a bakin ƙofa, ya gaishe ni da ladabi, ya ce ya zo jin ranar da aka sa ne, don ya gaya wa tela, kada a binne shi cikin tsohuwar riga. Har yau ba ya ga-maciji da wan nasa.

Mataki na biyar: Gyara kuskure da wanda ya fi shi

Ta da mai rai ba wuya. Na cire alamar, manhaja ta tura masa saƙon maraba da sabon memba, tana gayyatarsa ajin masu shirin baftisma. Ya kira ni ya faɗi abin da ba zan rubuta a nan ba.

Saura marigayin. Yanzu akwatin nan tsoro yake ba ni, kada ya sake tura ta'aziyya gari ya kama da wuta. Sai na ga wani maɓalli ja a ƙasa: "goge". Na danna. Baba Akanmu ya ɓace ɗungurungum: ranar baftismarsa, ranar aurensa, komai. Na ji sakayau, na tafi gida na ci abinci.

Abin da ban sani ba, da ka goge miji, manhaja ba ta ce da matar gwauruwa. Cewa take ba ta taɓa aure ba. Sai ta ɗauke Mama Segi daga rukunin ma'aurata ta jefa ta cikin na samari da 'yan mata. Ran Alhamis ta samu gayyata a wayarta: taron masu neman abokin zama, Asabar ƙarfe huɗu, a zo da fara'a, Allah na da wani dominki.

Mataki na shida: Yi fatan ba za ta zo ba

Ta zo. Ƙarfe huɗu saura ta shigo cikin baƙaƙen kayanta, ta zauna a bencin gaba, tsakanin wata ɗaliba da wani mai gyaran babur. Fasto ya shigo da takardar jawabinsa a kan yadda ake zaɓen mata tagari, ya gan ta, ya tsaya. Ya matso ya rage murya ya ce, Mama, wataƙila an samu kuskure.

"Babu kuskure, Fasto. Gayyata aka aiko mini," in ji ta. "Tun da aka kwashe rumfar jana'iza, wata huɗu ke nan, ƙafar kowa a cocin nan ba ta taka gidana ba. Wannan ne karo na farko da aka ce in zo. Ci gaba da karatunka, ina ji."

Bai iya ba. Yaran suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa ta zauna har ƙarfe shida, lokacin da gayyatar ta ce za a tashi.

Mataki na bakwai: Kada ka taɓa yarda a karanta rajista da ƙarfi

Wannan ne matakin da ni na faɗi.

Washegari, ana cikin sanarwa, Mama Segi ta miƙe. Ta ce ita ba ta iya boko ba, amma ta ji an ce an goge mijinta kamar bai taɓa shiga cocin nan ba. Tana roƙon alfarma ɗaya: Baba Akawu ya karanta sunayen da suka rage, kowa ya amsa nasa, ta san su wane ne suka fi shi cancanta. Akanmu mai kashu ya ce ya goyi baya, shi ma yana so ya ji ko yana nan. Dattawa suka gyaɗa kai. Fasto ya dubi silin.

Na ɗauko kwamfutar na fara. Suna na bakwai, shiru. Can daga baya wata mata ta ce, "Babana ne. Shekara shida ke nan." Na sha biyu, wani tsoho ya ce matarsa ce, kuma ni na riƙe masa lema a maƙabarta. Da farko ana 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Da muka kai mamaci na ashirin dariyar ta ƙare. Mutane suka fara miƙewa tsaye in an kira nasu, su faɗi shekarar, wasu su ƙara da abin da ya kashe shi. Wata ta amsa sau uku. Awa biyu muka yi, babu wanda ya fita, abincin rana ya huce a gidaje.

Ran Litinin Mama Segi ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ta faɗa mini ranar da aka haifi mijinta, da ranar da aka yi masa baftisma a rafi, da ranar aurensu, duk da ka, ina rubutawa. Da muka zo kan akwatin, ta ce in nuna mata wurin. Ta goge yatsanta a zane, ta danna da kanta. Sauran sittin da biyun na yi su kafin yamma.

A taron shekara muka je da ɗari huɗu da arba'in da takwas. Aka ba mu layi na tara, kusa da janareta. Cocin da ta gaje kujerarmu, sakatarensu ni na koya masa aiki.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya bi don kansa. Ban san ka ba, ba ka san ni ba, kuma in dattawan cocinku suka kira ni shaida, zan ce da hannun hagu na rubuta. Suman mata a kasuwa, rabuwar 'yan'uwa, da zaman kusa da janareta, duk naka ne. Kada ka zo nemana a ofis ma, an karɓe makullin tun watan Agusta. In kana son ganina, ina benci na ƙarshe ran Lahadi. Mama Segi takan tsaya ta gaishe ni, ta tambayi ciwon gwiwata, ta ce in riƙa shafa man kaɗanya. Ina amsawa da kai a sunkuye, har ta wuce.