Babbar Riga a Bakin Teku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na rina wa mudirinmu, wato shugaban wurin aikinmu, shimfiɗa da jikina ba. Lokacin ina aikin ɗaukar jakunkunan alhazai a filin jirgin Madina, wajejen farkon shekarun tamanin, tare da wani Sale maƙwabcina a unguwar Al-Sih. Sale irin mutanen nan ne da ko buhun shinkafa suka saka sai a tambaye su wa ya ɗinka. Ni kuwa ko na sha guga sai a ce, "Lafiya dai?" Ina gaishe shi kullum, amma Allah ya sani da haƙora nake gaisuwar.

Bayan aikin Hajji mudir ya gayyace mu cin abincin yamma a wani wurin hutawa a bakin tekun Yanbu. Kowa ya san a nan zai zaɓi wanda zai koma ɗakin tarbar manyan baƙi (mai sanyi, mai kujera, babu jaka ko ɗaya). Na tambayi Sale me ake sakawa.

Ya ce, "Ya akhi, futa kawai, zanen nan na maza, da 'yar riga mara nauyi. Zafin teku daban ne."

Na ce a raina, ka ji makirci. So yake in je kamar mai sayar da kifi, shi ya zo kamar ango. Sai na buɗe akwati na zaro babbar rigar da gwaggona ta kawo mini daga Kano, shuɗiya, rinin baba, ta sha bugu har tana ɗaukar ido. Nauyinta kamar na goya ɗan raƙumi.

Abin da ban sani ba, zafin Madina busasshe ne, gumi na fita yana bushewa. A Yanbu iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Na tarar da kowa cikin futa, har mudir, ƙafa ba takalmi. Sale kuwa ya yi kyau, abin haushi. Mudir ya dube ni ya ce, "Masha Allah, tafaddal," ya zaunar da ni kusa da shi a kan farar shimfiɗa. Na saci kallon Sale, zuciyata fes.

Kafin a kawo kifi na fara narkewa. Na goge goshi da hannun riga, na ga mutane sun daina tauna. Na miƙa hannu cikin tiren shinkafa, inda na taɓa ya koma shuɗi. Da na miƙe don sallar magariba, sai ga hotona a shimfiɗar, cikakke, har da inda na jingina.

Mudir ya ce, "Ya shaikh, in ka tarbi baƙona yana sanye da farar jallabiya, ya zai koma gida?"

Sale ne ya ja ni bayan wata rumfa ya ba ni futar da ya zo da ita ta canji. Bai yi dariya ba, wannan ya fi komai ƙona mini rai. Shi aka ba ɗakin baƙi, ni na koma kan jakunkuna da wuya shuɗi har mako ya zagayo.

Tun daga nan na gane, wanda kake hassada ba lallai ya san kuna faɗa ba. In ya ce ka sa futa, ka sa futa.